Ƙarar injin akori-kurar Kawu da tarihin Fijo a Najeriya (ZARE)

1/ Zaren yau na tarihi ne, kuma zai fara daga gefen titin Shagari zuwa Bodinga, inda tsohuwar akori-kurar kawuna ta tsaya da mu da lodin albasa a bayanta. Gyaranta ya ci kwana tara, ni kuma ya sa na koma na karanta tarihin Peugeot a Najeriya. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni. 🧵

2/ Motar Peugeot 504 ce, Fijo kamar yadda muke cewa. Haɗin Kaduna ce, ta farkon shekarun 1980. Kakanmu ya saye ta a gwanjon motocin gwamnati, da ya rasu ta dawo hannun Kawu. Ta girme ni da kusan shekara 20. Kuma ba zan ɓoye muku ba, tun ina aji ɗaya a jami'a kuɗin rajistata daga bayan motar nan yake fitowa.

3/ Ƙarshen watan Fabrairu ne, muna hutu, ana cirar albasa a fadamu. Na bi Kawu a matsayin yaron mota. Mun yi lodi a wani ƙauye a ƙasar Shagari, mun hau kwalta ke nan sai wani sauti ya fara tashi daga gaba: ƙwal, ƙwal, ƙwal. In ya taka totur sautin ya ƙaru, in ya saki ya lafa. Jar fitilar mai tana ƙyaftawa. Kawu ya yi salati, ya gangara gefe ya kashe mota.

4/ Ni kam na so mu lallaɓa mu ƙarasa, tunda Bodinga ba nisa. Kawu ya ce ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba. Muka juye albasar a wata mota, kuɗin dakon da za mu samu ya koma aljihun wani. Ita kuma aka ɗaura mata igiya aka ja ta har garejin wani dattijon makaniki a Bodinga, wanda ya koyi aiki a Kaduna lokacin da Fijo ke tashe.

5/ Baba, haka kowa ke kiransa, ba shi da kwamfutar duba mota. Ya sa Kawu ya tayar da ita na ɗan lokaci, ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna marikin a kunnensa. Ya saurari sama, ya saurari gaba, ya sauko ƙasa. Sai ya kalle ni ya ce: "Ɗan boko, taho ka ji. Mi kaj ji?" Na ce ƙara kawai nake ji, Baba. Yaran gareji suka fashe da dariya.

6/ Nan ya karanta mini darasi. Kowace ƙara da gidanta. In ka ji tik-tik-tik siriri daga saman injin, yawanci tafet ne, a buɗe murfi a saita, aikin rabin awa. In ka ji kamar ana jan sarƙa daga gaba, sarƙar taimin ce ta yi sako-sako. In ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu, ko fetur ɗin ba kyau ko taimin ya yi gaba.

7/ Akwai kuma ƙarar fistin da ya yi wa gidansa kaɗan. Ita da safe ake jin ta injin na da sanyi, in ya ɗumama sai ta ragu. Tamu akasin haka ce: tana da nauyi, daga ƙasa take, kuma sai injin ya yi zafi take ƙara fitowa, domin lokacin baƙin mai ya tsinke. Baba ya ce: "Wanga ba tafet na ba. Ƙasa shi ka bugu."

8/ Don ya tabbatar, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, ƙara na nan. Ta biyu, tana nan. Da ya zare ta uku sai bugun ya kusa ɓacewa. Dalili: in ka hana silinda wuta, ba ta ƙara dukan sandar fistin da ƙarfi, sai ƙarar ta kwanta. Ke nan mital ɗin konrod na uku ne ya cinye. Ya ce da mun ci gaba da tafiya, da sandar ta karye ta huda bulok ta fito waje.

9/ Aka kwance kwanon mai na ƙasa. Abin da ya zubo kamar shayi da madara, ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Ruwa ya shiga mai ke nan. Aka fito da karanshaf, duk ya yi zane. Baba ya auna ya girgiza kai: an taɓa kai shi wurin masu gogewa har ya kai sayis na ƙarshe, babu sauran abin ragewa. Ga fistin da ringi sun gaji, ga tof silinda ya lanƙwashe.

10/ Da aka yi lissafin karanshaf, mital, fistin, ringi, gasket da kuɗin aiki, sai ya kamo kuɗin wani injin sukutum. Kawu ya tambayi inda za a samu. Baba ya ce lokacin da yake yaron gareji, sabon kaya ake sayowa a kwali daga dillalan kamfani, yanzu kuwa sai dai a nemi wanda wata motar ta mutu ta bari. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Ta yaya muka zo nan?

11/ Mu fara da hanyar kanta. Ƙasar Bodinga tsohuwar matattara ce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Jakai da raƙuma ke ɗaukar kaya a lokacin. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo, ya isa Kano a 1911, reshensa na yamma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Bai taɓa isowa Sakkwato ba.

12/ Ma'ana, duk abin da manomin Shagari, Yabo, Tambuwal ko Bodinga ya noma, in zai kai kasuwa mai nisa to a kan titi zai bi. Babbar mota ba ta shiga fadama, ba ta bin burtalin ƙauye. Ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ce ke shiga ta kwaso ta kawo bakin kwalta. Shi ya sa akori-kura ta zama jakin zamani a wannan yanki, kuma shekaru da dama in an ce akori-kura to Fijo ake nufi.

13/ Peugeot kamfanin Faransa ne, babbar masana'antarsa tana garin Sochaux. Ya fito da 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A Afirka suka yi suna da juriya: 404 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma ta lashe a 1975. Akori-kurar 504 ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970.

14/ Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce a riƙa haɗa motoci a gida. Aka kafa Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, aka buɗe masana'antar a Kakuri, Kaduna, a watan Maris 1975. A shekarar ce ma aka kafa jami'armu ta Sakkwato, wadda daga baya ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

15/ PAN ba ita kaɗai ba ce. Akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, da NTM mai haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Abin da ya fi ba ni mamaki: shekaru da dama sassan Fijo ta jirgin sama ake kawo su, daga Lyon a sauke a filin jirgin Kano, sannan a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Ku duba irin kuɗin da ƙasar ke da shi a lokacin.

16/ Ga inda labarin ya dawo gida. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, shi ne kwamishinan kuɗi na tarayya daga 1971 zuwa 1975, wato shekarun da aka gina masana'antar. Kafin ya zama shugaban ƙasa a ranar 1 ga Oktoba 1979, ya riƙe shugabancin hukumar gudanarwar PAN. Motarmu ta tsaya ne a kan hanyar garin mutumin da ya taɓa shugabantar kamfanin da ya haɗa ta.

17/ A zamanin mulkin soja na Obasanjo, 1976 zuwa 1979, aka mayar da 504 motar ofis ta manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta cika ko'ina: ma'aikatu, 'yan sanda, asibitoci, tashoshin mota. Wagon tana jigilar fasinja Sakkwato zuwa Kano da Kaduna, akori-kura tana dakon taki, gero da albasa. A shekarun ganiyarta masana'antar Kaduna tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara.

18/ Me ya sa makanikai suka so ta? Baba ya nuna mini da hannunsa. Silinda huɗu, kabureta, babu kwamfuta. Gidajen fistin kuma ba a jikin bulok aka huda su ba, hannun riga ne na ƙarfe da ake zarewa a sa sabo, ruwan lagireto yana zagaye su. Don haka bulok ɗaya sai a sabunta shi sau da yawa a ƙarƙashin bishiya. Rauninsa shi ne in abin da ke toshe gindin hannun rigar ya gaji, ruwa zai sauka cikin mai.

19/ Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba in ana begen zamanin da. Haɗa mota muke yi. An samu wasu kayan a gida, kamar taya daga Dunlop a Legas da Michelin a Fatakwal, amma manyan sassan injin daga Faransa suke zuwa, da kuɗin waje ake biya. Ƙarfen da aka sa rai zai cike giɓin shi ne na Ajaokuta, wanda Shagari ya aza harsashinsa a 1980. Har yau ba a kammala shi ba.

20/ Muddin mai na tsada, ba a ganin matsalar. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, aka taƙaita shigo da kaya. Sojoji suka kifar da ita ranar 31 ga Disamba 1983. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, kafin shekarar ta ƙare dala ɗaya ta koma naira uku zuwa huɗu.

21/ Sassan da ake sayowa da dala suka yi tsada, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci balle manomi. Sai ƙofar gwanjo ta buɗe. Tsofaffin motocin Turai suka riƙa tasowa daga tashar ruwan Antwerp ta Beljiyam zuwa Kwatano, daga can su shigo ta kan iyaka, wasu ta Nijar su ɓullo ta Birnin Ƙonni da Illela. Daga nan muka samo kalmomin "ɗan Kwatano" da "kayan Beljiyam".

22/ Kasuwannin kayan gyara suka bunƙasa: Ladipo a Legas, Nnewi a Anambra, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano. Masana'antun kuwa suka riƙa durƙushewa. Turai ta daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta na PAN a 2006, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta biyo baya a 2008.

23/ Ita ma hanyar gwanjon ta ƙuntata. Daga 1 ga Janairu 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. An rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, a 2024 dala ta haura naira 1,500. Ga shi kuma ko a Turai 504 ta zama kayan tarihi. To wannan ce kasuwar da Kawu zai shiga neman inji.

24/ Baba ya ba shi zaɓi uku. Na ɗaya, a gyara tsohon da sassan da ba a san ingancinsu ba. Na biyu, a dasa injin motar Japan, wanda ya fi sauƙin shan mai, amma sai an canza giyabos da mazaunin inji, an yi walda da yanke-yanke, kuɗin ya ninka. Na uku, a nemo wani injin 504 mai sauran rai. Kawu ya kwana biyu yana lissafi, ya zaɓi na uku.

25/ Mu uku muka tafi Kano, Ƙofar Ruwa. Injuna jere a ƙasa kamar tukwane. Baba bai bari an yi maganar kuɗi ba sai da ya sa sifana ya juya injin da hannu, ya ji kowace silinda tana matsewa. Ya zare fulogi huɗun ya duba launinsu. Ya leƙa ƙarƙashin murfin mai ko akwai dasƙararren datti. Ya sa aka kwance kwanon ƙasa ya girgiza kowane konrod. Sai a na huɗu ya ce: "Wanga na."

26/ Mai kayan ya ce daga jikin wata salun aka ciro shi, tsohuwar motar ofis da ta daɗe a ajiye har bodinta ya ruɓe. Haɗin Kaduna, kamar tamu. Aka rubuta rasit da lambar injin a jiki, da sharaɗin mako guda in ya ba da matsala a dawo da shi. Shawara ga duk mai canza inji: kar ka bar wurin ba rasit, domin lambar da ke takardun motarka ta tsohon ce.

27/ A Bodinga, da reshen dogon yaro da sarƙar ɗaga inji aka yi aikin. Aka cire lagireto, salansa, wayoyi da bututun mai, aka raba injin da giyabos, aka ɗaga tsohon. Tunda an riga an buɗe, Baba ya dage a sa sabon faifan kuloci da robobin mazaunin inji, a wanke lagireto. Kawu ya so a bar tsofaffin. Baba ya ce: "In anka rufe, buɗewa ta biyu kai za ka biya."

28/ Kafin a tayar, ya zuba sabon mai da sabuwar filta, ya zare fulogi duka, ya sa aka yi ta murza makulli har jar fitilar mai ta mutu. Don mai ya zagaya ko'ina kafin wuta ta kama. Sannan aka mayar da fulogi, aka saita taimin da kabureta. A bugu na uku ta tashi. Baba ya sake ɗora sukudirebarsa, ya daɗe yana saurare, sannan ya miƙo mini. Wannan karon na ji bambancin, wallahi.

29/ Bai ƙyale Kawu ba. Ya lissafa masa abin da ya kashe tsohon injin: tukunyar tace iska ba komai a ciki tun bara, ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye. Baƙin mai na kwalba a bakin titi. Ruwan lagireto yana raguwa kullum, ana ƙarawa ba a tambayi inda yake tafiya ba. Ga lodi fiye da ƙima. Kawu bai musa ko ɗaya ba. Ya ce kuɗin mai ne ya cinye kuɗin sabis, kuma gaskiya ya faɗa.

30/ Abin da ya ci: tumaki biyu na Inna, bashin wani dillalin albasa da za a biya da dako, da kwana tara a tsakiyar kakar albasa ba a yi lodi ko ɗaya ba. Rajistata sai a makon ƙarshe aka biya, ina ta zullumi. Motar tana kan hanya yanzu, Shagari zuwa Bodinga zuwa Sakkwato, Kawu yana duba gejin mai kowace asuba kamar wanda aka yi wa wasiyya.

31/ Ba ina cewa Fijo ta fi kowace mota ba. Tana shan fetur, kuma Toyota ta ƙwace kasuwa ne da cancanta. Abin da ya dame ni shi ne injin da muka sayo ba a ƙara yin irinsa. Kowace akori-kura da aka tayar, wata 504 ce aka yanka. Shekara kusan 30 muna haɗa motar nan a Kaduna, amma ranar da injinta ya mutu sai a cikin gawar 'yar'uwarta muka samu na maye.

32/ An sake gwadawa. Kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022, Innoson yana yi a Nnewi. Ina musu fatan alheri. Tambayar da tarihin PAN ya bar mana ita ce: nawa ne daga cikin sassan ake yi a gida, kuma me zai faru ranar da dala ta sake tashi? Duk wanda ya zo da alƙawarin masana'antar mota, wannan za mu fara tambayarsa.

33/ Abu na ƙarshe. Abin da ya riƙe motocin nan shekara 40 yana cikin kunnen irin su Baba ne, kuma ba wanda ya rubuta shi. Yaransa biyu sun bar gareji sun koma kabu-kabu. Na roƙe shi, ya yarda in riƙa zuwa ranar Juma'a da yamma ina naɗar hirarsa a waya, kuma ina so in kai wa malamina a matsayin batun binciken kammala digiri.

34/ In kana da uba, kawu ko maƙwabci da ya yi tuƙi, ya yi kanikanci, ko ya yi aiki a Kakuri, don Allah ka zauna da shi ka naɗi labarinsa tun yana raye. Wanda kuma gidansu ke da 404 ko 504 har yanzu, ya ajiye mana hotonta a ƙasa da shekarar da aka saye ta. In na yi kuskure a wani wuri, masana ku gyara mini. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiya.